Yadda ake tokare tirela ta tsaya cak a ƙasar Maradi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwa ya kalli mai amalanke yana kwance jakinsa, ya riga ya ga rabin abin da zan faɗa. Kafin ya zare igiya sai ya tura dutse gindin taya, sannan ya sa gwafa ya tokare sandunan gaba. In kayan sun yi baya, ya ƙara wani ice a can don kada amalanken ya ɗaga kai sama. Gwafar nan ba ita ke ɗauke da buhunan ba, tayoyi ne. Ita dai ta hana rinjaya, shi ke nan aikinta.

Na yi shekaru ina jan tireloli tare da masu haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, tsakanin Maradi, Mayahi, Dakoro da Tasawa. Guda uku muke ja: ta gurup, wato janareta, da ta tankin ruwa, da wata tsohuwar karaban ƴar Turai mai gado huɗu wadda muke kwana ciki. Irin wannan ɗaki mai taya bai yawaita a nan ba, Turawa da Amurkawa ne ke jansa su tafi hutu. Amma ƙananan tireloli sun cika gari: ta tarakta mai kwaso gero daga gona, ta masu kayan sauti na biki, ta asibitin tafi-da-gidanka, ta mai kasa kaya ranar kasuwa. Ciwonsu ɗaya ne. Da an kwance su daga mota sai su koma kamar kwalekwale, ka taka baya gaba ya ɗaga, mutum ɗaya ya juya a gado kowa ya farka.

Dalilin ba boyayye ba ne. Taya iska ce cikin roba, sifirin kuma don ya lanƙwashe aka yi shi. Tirela mai aksil ɗaya wuri uku kawai take taɓa ƙasa: tayoyi biyu da ƙafar wuya, wato ƙafar da ke riƙe gaban tirela wajen da ake haɗa ta da mota. Kusurwoyinta huɗu a sarari suke lilo. Matokari shi ne ƙarfen da ke cike wannan sarari tsakanin shasi da ƙasa.

Jak daban, matokari daban

Jak, ko kirik kamar yadda makanikanmu ke cewa, an ƙera shi ya ɗaga nauyi na ɗan lokaci. Matokari an ƙera shi ya riƙe abin da yake tsaye kada ya motsa. Da yake sun yi kama, har wani matokarin siffar jak ɗin ƙaramar mota gare shi, mutane na haɗa su, kuma mafi yawan ɓarnar da na gani daga nan ta fito.

Ni ma da kaina na koya. Wata rana mun sauka wani ƙauye gaba da Mayahi da la'asar sakaliya, wurin yana da ɗan gangare, karaban ta karkata hagu. Na kama hannun matokarin baya na hagu na yi ta murɗawa har gumi ya jiƙa mini riga, ɗakin ya miƙe, ni kuma ina jin na yi abin kai. Da maigidanmu ya zo shiga, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja, ya tura da kafaɗa, ko gezau.

"Kai yaro, mi ka yi ma ƙofar nan?"

"Wallahi ban taɓa ta ba, Maigida."

Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tayar hagu ta kusa barin ƙasa. "Ba ka taɓa ta ba, ka dai murɗe mata gida. Sassauta wancan ƙarfen mu gani."

Ina sassautawa, ƙofa ta buɗe da yatsa ɗaya. Shasin ƙaramar tirela siririn ƙarfe ne, an lissafa shi a kan cewa nauyi zai zauna bisa aksil. In ka tura kusurwa ɗaya sama, sai dukan firam ɗin ya murɗe kamar tabarmar da aka ja ta gefe guda. Ƙofa da taga su ne ke fara faɗa maka. In ka yi kunnen ƙashi, haɗin rufi ya buɗe, damina ta zo ta gaya maka sauran. Matokarin nan kuwa bai ƙara komawa daidai ba, sandar murɗinsa ta ɗan lanƙwashe, har muka rabu da karaban ɗin yana kuka in ana juya shi.

Irin da za ka samu

Akwai waɗanda ke manne da shasi. Mai almakashi shi ne aka fi sani, ana murɗa shi ya buɗe ya sauko. Na tirelolin Amurka galibi an rubuta musu suna jure nauyin fam 5,000 ko 7,500, kuma suna miƙewa inci 24 ko 30, wato kusan santimita 60 ko 75. Karaban ɗin Turai, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu ta tashoshin ruwa, ƙafa ɗaya siririya ce ke saukowa a karkace daga kowace kusurwa, kuma ta fi mai almakashi rauni nesa ba kusa ba. Kan sandar murɗin yawancinsu sifana mai lamba 19 yake ci, don haka in hannun juyawa ya ɓata, ba sai ka ta da hankalinka ba.

Akwai kuma waɗanda ake ɗauka a ajiye. Mai siffar dala, gindi faɗi, sama tsukakke, da sandar murɗi a ka: na alminiyom da ake sayarwa huɗu-huɗu yakan ɗauki fam 6,000, tsayinsa daga santimita 28 zuwa 43. Sai na gareji mai haƙora ko mai rami da fil, wanda makanikai ke sa wa mota in za su shiga ƙarƙashi. Wannan yana da ƙarfi, sai dai tsayinsa tsalle yake yi daga rami zuwa rami, da wuya ya dace da shasi daidai, sai ka cike da siririn katako. Ka kuma lura, da yawa daga cikinsu nauyin da aka rubuta a jiki na guda biyu ne a haɗe.

Lissafin fam kada ya ruɗe ka. In kilo kake so, raba biyu, ka cire ɗaya bisa goma na abin da ya rage. Fam 6,000 ya zama 3,000, a cire 300, kilo 2,700 ke nan. Amma wannan lamba tana nufin nauyin da ƙarfen zai jure yana tsaye a miƙe bisa ƙasa mai tauri. Ba ta ce shasinka zai jure a tura shi da wannan ƙarfin ba.

In za ka ba mai walda ya ƙera maka, kuma masu waldar Maradi sun iya, ka tsaya a kansa kan abu uku. Sandar murɗi ta zama mai kaurin zare, irin ta gindin ƙarfen da magina ke tokare dakali da shi, kada ya sa maka rodi da noti. Gindi ya yi faɗi, aƙalla kamar rabin tsayin. Kai kuma a yi masa ɗan kwari yadda shasi zai zauna ciki ba zai zame ba. In mai rami ne, fil ɗin ya zama ƙarfe mai tauri. Na sha ganin an zura ƙusa ƴar inci shida, tana lanƙwashewa kamar tsinke. Wasu na sayen tsofaffin jak na ƙananan motoci wurin masu kayan gwangwan su mai da su matokarai, kuma yana yi. Ni dai na fi son a ɗaure su da noti a kan a ƙona shasi da walda, don ranar da ɗaya ya lalace a kwance shi cikin minti biyar.

Ƙasar da za ka tsaya a kai

A nan ne Maradi ta bambanta da wuraren da aka ƙera waɗannan ƙarafa dominsu. Can bisa kankare ko tsakuwa ake ajiye karaban. Mu ƙasa iri biyu gare mu, kuma tarihin garin ma ya shaida: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ce aka ta da gari daga kwari aka mai da shi tudu. Tudun rairayi ne, jigawa, mai cin ƙafar ƙarfe a hankali kamar ba ya yi. Kwarin, wajen Gulbi da Jiratawa da bakin tafkin Madarunfa, laka ce: da rani ta bushe ta yi tauri har ka ɗauka dutse ne, ruwa ɗaya ya sauka ta koma kamar kunu. Ko kwalta ba abin yarda ba ce a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ƙaramar ƙafa takan nutse cikinta ta bar tambari.

Maganin duka ɗaya ne, a faɗaɗa tafin ƙafa. Ka ɗauka matokari yana danna ƙasa da kilo 450, tafinsa kuma santimita 15 ne kowane gefe. Faɗinsa santimita murabba'i 225 ke nan, kowane santimita murabba'i yana shan kilo 2. Ka shimfiɗa katako mai santimita 30 kowane gefe, faɗi ya koma 900, nauyin ya sauko rabin kilo. Ka ninka gefe sau biyu, ka rage dannawa sau huɗu. Raƙumi bai nutsewa inda jaki ke nutsewa, kuma ba don ya fi shi sauƙin nauyi ba ne.

Katakon ya zama mai tauri, kaurinsa kada ya gaza santimita 4 zuwa 5, ba mai tsagewa ba. In za ka ɗora biyu ko uku, ka giciye su, na sama ya hau na ƙasa a kwance da tsaye, kuma tarin kada tsayinsa ya fi faɗinsa. Farantin ƙarfe mai kauri ma yana yi, har ya fi in za a daɗe, saboda gara. Mun taɓa barin tirelar gurup wata biyu wuri ɗaya, da muka zo tashi katakon ƙasa ya zama ɓawo, cikinsa duk ƙasa ce. Tun daga nan nake sa guntun kwano ko faranti a ƙasa, katako a bisa.

Bulo kuwa, ka rabu da shi. Na san shi ne mafi kusa da hannu, ko'ina ka waiga akwai ginin da ba a gama ba. Amma bulon siminti mai rami ba ya lanƙwashewa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi lokaci ɗaya, balle irin wanda aka yi wa rowar siminti. Tubalin ƙasa kuma ruwa kaɗan ya ishe shi.

In da damina ne, ka dubi inda ruwa ke bi kafin ka tsaya. Alamar tana nan ko ƙasa ta bushe: ƴar kwarya-kwaryar rairayi mai laushi da tarkacen kara a gefe. Ruwa mai gudu yakan kwashe rairayin ƙarƙashin katako ya bar matokari yana reto. Ka kuma tuna hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa. In wuri ya ba ka dama, ka juya gaba ko bayan tirelar ya fuskanci gabas, kada ka ba iska faffaɗan gefe. Matokari ba turke ba ne, bai ɗaure tirela da ƙasa ba.

Aikin kansa, bi da bi

Mataki na farko ana yinsa tirela tana haɗe da mota, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa: daidaita hagu da dama. Ka ɗora nibo, ma'aunin magina mai ƙwayar iska, a giciye bisa daɓen tirelar, kusa da saitin aksil. In ƙwayar ta gudu gefe ɗaya, wancan gefen ne ya yi sama. Ka ɗaga bakin nibon da ke gefen ƙasa har ƙwayar ta zo tsakiya, ka auna tazarar da ta buɗe. Misali nibonka santimita 50 ne, tazarar santimita 1, tsakanin tayoyinka kuma mita 2. Mita 2 ya ninka santimita 50 sau huɗu, don haka katako mai kaurin santimita 4 kake bukata ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa. Ka ja gaba kaɗan, ka shimfiɗa katakon inda tayar ta tashi, ka dawo baya ta hau. Katakon ya fi tayar faɗi, kada gefenta ya rataya, don hakan na cin wayar cikin taya. In aksil biyu ne, dukan tayoyin gefen su hau.

A rairayi akwai dabarar da ta fi wannan sauƙi, wadda littafin Bature ba zai gaya maka ba. Maimakon ka ɗaga gefen da ya yi ƙasa, ka sa shebur ka rage ƙasa gaban tayar da ta yi sama, ka ja ta faɗa ciki. Tirelar ta daidaita, ta kuma ƙara kusa da ƙasa, ramin ya zama rabin waigi, wato abin da ake tura gindin taya ya hana ta mirginawa. Da damina dai ban cika yi ba, ramin na tara ruwa.

In babu nibo, wayar hannu tana da manhajar awo. In babu, faranti mai faɗi da ruwa a ciki ya isa ya nuna maka inda aka karkata.

Na biyu, waigi. Gaba da bayan taya, gefe biyun duka, tun ba ka taɓa ƙugiya ba. Birkin hannu, in tirelar tana da shi, ka ja, amma kada ka dogara da shi kaɗai: birkin yawancin karaban ɗin Turai an yi shi ya saki in ana turawa baya, shi ya sa a gangare takan ɗan gangara baya kafin ya kama sosai. Waigin ice mai siffar gatari ya fi dutse, dutse na mirginawa ko ya nutse. Masu aksil biyu akwai wani waigi mai almakashi da ake sa wa tsakanin tayoyi biyu a murɗa ya matse su. Yana rage rawar gaba da baya ƙwarai, sai dai ƙari ne a kan waigin ƙasa, ba madadinsa ba.

Na uku, ka kwance. Katako ƙarƙashin ƙafar wuya tukuna. In mai ƴar taya ce, a rairayi sai ta yi noma, don haka ka ba ta katako mai ɗan gurbi ta zauna. Ka cire wayar wuta, ka buɗe makullin ƙugiya, ka murɗa wuya ya tashi. Sarƙar tsaro ita ce ta ƙarshe da nake cirewa, sai na ga tirelar ta rabu da mota ba ta motsa ba. Ƙafarka kada ta kasance ƙarƙashin wuyan. A tirelolin Amurka nauyin wuya yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyi. Tirela mai tan ɗaya da rabi, kilo 150 ne ko fiye ke jiran yatsunka.

Na huɗu, daidaita gaba da baya. Ka juya nibo ya bi tsawon tirelar, ka yi ta ɗaga wuya ko sauke shi har ƙwaya ta zauna tsakiya. Ƙafar wuya ita kaɗai ce cikin ƙafafun nan aka yi don ɗaga nauyi. In karaban ɗinka tana da firji mai aiki da gas, wannan awo ba na jin daɗin barci ba ne kawai. Irin wannan firji ba shi da kwamfuresa, ruwan amoniya ne ke zagayawa cikin bututu da taimakon gangare, in ya karkata fiye da ƴan digiri kaɗan ruwan ya taru wuri ɗaya, sanyi ya tsaya, in an daɗe a haka bututun ya toshe har abada.

Sai yanzu, a mataki na biyar, ake taɓa matokarai, bayan tirelar ta riga ta miƙe da kanta. Na baya nake fara saukewa, don su ne ke hana ɗaga kai in wani ya yi gaggawar shiga. In masu ɗauka ne, ka duƙa ka duba da idonka inda kan zai zauna: ƙarƙashin babban ƙarfen shasi mai bin tsawon tirela, kusa da kusurwa, an fi so inda wani ƙarfe ya gicciya ya haɗu da shi. Kada ka sa shi ƙarƙashin katakon daɓe, zai huda. Kada ka sa a jikin tankin ruwa, ko bututun gas, ko siririn ƙarfen bamba na baya. Aksil ma ka bar shi: na tirela bututu ne mai rami, wasu kuma roba ce a cikinsu, yana lotsewa, kuma tokare shi ba ya hana sifirin rawa tunda ɗakin bisa sifirin yake.

Ka murɗa har kai ya taɓa shasi, ko tafi ya taɓa katako. Daga nan ka ƙara kamar rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya, har ka ji hannun ya yi nauyi. Tsaya nan. Gwajina shi ne in shuri katakon da gefen ƙafa: in ya goce, da saura, in bai motsa ba, ya isa. In ka ga jikin tirelar ya fara tashi, ka wuce gona da iri, koma baya. Masu sa injin huda mai batir su juya, yana sauƙaƙa aiki, amma zagayen ƙarshe a yi shi da hannu, don inji ba ya jin lokacin da ƙarfe ya ce ya isa.

Tsayin da matokari ya miƙe yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Mai almakashi in ya miƙe har ƙarshe ya zama siriri dogo, yana lilo kamar kara. In kuma ya kusa rufewa, sandar murɗin ce ke shan wahala. Tsaka-tsaki ya fi, daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. In ƙasa ta yi nisa, ka ƙara katako, kada ka ƙure ƙarfen. Mai dala shi ma haka, kada ka fito da sandar har zare biyu ko uku kawai ya rage cikin noti.

Da ka gama huɗun, ka sake zagayawa. Matse na ƙarshe yakan sassauta na farko. Ka shiga ciki, ka taka kowace kusurwa, ka buɗe ƙofa ka rufe, ka duba nibo. Ƴar rawa kaɗan ba za ta ɓace ba tunda har yanzu taya ce ke ɗauke da kaya, kuma haka ake so. Wanda ya nace sai ya kashe ta gaba ɗaya, shi ne ke ƙarewa da murɗaɗɗen shasi.

Washegari da safe ka sake bi. Rairayi ya zauna cikin dare, iskar taya kuma ta ragu da sanyin asuba, musamman da hunturu, ta dawo da rana. Kwata ko rabin zagaye yakan isa. Bayan kowane ruwan sama ma haka.

In nauyi yana canjawa

Wannan ya fi shafar mu fiye da masu yawon hutu, don tirelolinmu na aiki ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 tan guda ke nan. In ka matse matokarai tankin yana wofi sannan aka cika shi, sifirin yana so ya zauna amma ƙarafan sun hana, sai tan ɗin nan ya bar taya ya koma kansu. In kuma ka matse yana cike aka yi ta ɗiba, sifirin ya miƙe, jikin ya tashi, da yamma ka tarar matokari yana tsaye shi kaɗai bai taɓa komai ba, wani ma ya faɗi. Don haka tirelar tanki a cika ta tukuna a tokare, in ruwa ya yi rabi a sake bi.

Lodin buhuna ma haka ne. Lokacin kaka, in ana ɗora gero ko wake ko aya, buhu goma masu kilo 100 sun yi tan. Tirela mai aksil ɗaya da aka kwance, in ƴan dako biyu suka hau bayanta da buhu, wuya na iya tashi sama kamar amalanken da na faɗa. Matokaran baya dole ne a nan. Amma ka bar musu ɗan sarari kamar kaurin yatsa, ko ka riƙa sassautawa bayan kowane buhu biyar ko shida, lodin kuma a fara shi daga saitin aksil a yi gaba kaɗan. Na ga tirelar tarakta da aka gama wa lodi matokaran suka ƙi fita, nauyi ya danne su, sai da aka kawo jak mai mai aka ɗaga shasi kafin a zare. In da hali, mafi sauƙi shi ne a yi lodi tirelar tana haɗe da tarakta.

Manyan tireloli na titin Dan Isa da Katsina zancensu daban ne, ƙafafunsu na gaba an yi su don ɗaukar nauyi. Amma su ma in za a cire kai a bar bodi da kaya bisa rairayi, sai an shimfiɗa katako mai kauri kamar dungu, in ba haka ba ƙafa ɗaya ta nutse bodin ya kwanta.

Canjin taya kuma ba aikin matokaran kusurwa ba ne ko kaɗan. Ka ɗage su duka, ka sa jak na gaskiya inda ya dace, ka tokare da matokarin gareji. Jak mai mai yakan sauka a hankali in robar cikinsa ta gaji, don haka ko hannu kada ka zura ƙarƙashi yana shi kaɗai.

Ranar tashi

Baya-baya ake bi. Matokarai ne farko, dukansu, tun ba ka taɓa ƙafar wuya ba. In ka ɗaga wuya don ka haɗa ƙugiya alhali na baya suna ƙasa, bayan tirelar zai danne su da dukan ƙarfin murɗinka, su lanƙwashe ko shasi ya lotsa. Ka naɗe su har ƙarshe su matse, don hanyoyinmu na karkara masu kwari da tudu ba sa yafe wa ƙarfen da ya leƙo. Sannan ka haɗa ƙugiya, ka kulle, ka sa sarƙa da waya, ka ɗage ƙafar wuya. Waigi ne na ƙarshe. In ya matse, ka ɗan motsa mota ya saki, kada ka yi ta dukansa da guduma.

Katakon da ya kwana biyu a ƙasa, da sanda ake fara juya shi. Kunama na son sanyin ƙarƙashinsa, kuma yaron motarmu ya taɓa kwana yana kiran sunan uwarsa saboda ya ɗauka da hannu.

Sandar murɗi tana son mai, amma giris mai kauri da ƙurar hunturu in sun haɗu sai su zama kamar garin niƙa, su cinye zaren. Ni nakan wanke da ɗan gazuwal da tsohon buroshi, in goge, in shafa mai kaɗan yadda ba zai yi danƙo ba, kuma in maimaita da ƙarshen hunturu da ƙarshen damina. Kana yi kana duba notin da suka riƙe shi da shasi, da wurin walda ko ya fara tsagewa. Wanda ya lanƙwashe, kada ka bari a gasa shi a miƙe maka. A canja shi. Katakai da waigi kuma ka huda kowanne ka zura masa igiya, ka ƙirga su kafin ka ta da mota: huɗu na kusurwa, ɗaya na wuya, waigi huɗu, da na ƙarƙashin taya in ka sa.